Jinjina Ga Masu Situdiyon Ɗaki Ɗaya

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi akwai matasan da suka mayar da ɗaki ɗaya situdiyo. Katifa ce jingine a bango don kashe amsa-kuwwa, sai kwamfuta da makirfo, sai wata 'yar amfilifaya ta hedifon da ba ta wuce tafin hannu ba.

Wannan 'yar na'ura, irin su Behringer HA400, tana karɓar sauti ɗaya ta raba shi zuwa hedifon huɗu, kowane da makunnin ƙararsa, kuma wutar bolt 12 ta ishe ta. Mawaƙi ya ɗaga nasa, 'yan amshi uku su daidaita nasu. Kowa yana jin kiɗa a kunnensa, kiɗan kuma ba ya kutsawa cikin makirfo ya gurɓata murya. Da a ce da lasifika aka yi aikin, da komai ya cakuɗe.

Ƙasar da ta san waƙar Narambaɗa ta san darajar amshi, kuma waɗannan matasa sun riƙe wannan gado da ɗan abin da ke hannunsu. Rashin wuta bai hana su ba, tsadar kaya ba ta karya musu gwiwa ba. Idan ka kai musu aiki, ka biya su haƙƙinsu cikakke. Allah ya ƙara basira.