3.2 Jigon Talauci da Aikata Laifi a Fim Ɗin Ma' Rosa

Fim ɗin Ma' Rosa ya fito a shekarar 2016, kuma Brillante Mendoza na ƙasar Filifin ne ya ba da umarninsa. A wannan shekarar tauraruwarsa, Jaclyn Jose, ta sami lambar gwarzuwar 'yar wasa a bikin finafinai na Kan da ke Faransa.

Jigon fim ɗin a gajarce shi ne, talauci kan mayar da laifi ya zama sana'a. Rosa uwa ce mai 'ya'ya huɗu, tana da ɗan ƙaramin shago a wata unguwar talakawa a birnin Manila. Da yake cinikin shagon bai isa ya riƙe gida ba, sai take sayar da wata ƙwaya mai suna shabu a ɓoye. Wata rana da dare 'yan sanda suka kama ta tare da mijinta Nestor.

Wajen warwarar jigo, abin lura shi ne ba a shigar da su ofis ta ƙofar gaba ba, ba a kuma rubuta sunansu a littafi ba. Wani ɗaki na baya aka kai su, aka shiga ciniki, har aka tsaya a kan peso 50,000. Wato dai ofishin ya zama kasuwa, 'yancin mutum kuwa haja.

Nauyin biyan kuɗin ya faɗa wa 'ya'yan. Ɗaya ya sayar da talabijin ɗin gidan, 'yar ta bi dangi tana roƙo, ɗayan kuwa ya sayar da mutuncinsa ga wani attajiri. A nan ne jigon ya fito fili, domin hukumar da aka kafa don hana laifi ita ce ta tura yaro ya aikata wani.

Sai dai fim ɗin yana da rauni. Bai nuna illar da ƙwayar take yi wa masu sayenta sosai ba, alhali su ma talakawan unguwar ne. Wannan ya sa tausayin mai kallo ya karkata ɓangare guda.

Duk da haka, fitowa ta ƙarshe ta rage wannan rauni. Bayan Rosa ta jinginar da wayar 'yarta don cika kuɗin, an nuno ta a bakin titi tana cin abinci tana hawaye. Ba a wanke ta ba, ba a kuma la'ance ta ba. An bar wa mai kallo hukunci.