Jinjina ga Kafintocin Majami'ar Notre-Dame

A shekarar 1163, zamanin Bishop Maurice de Sully, aka aza harsashin babbar majami'ar Katolika ta birnin Faris, wadda ta dawwama ƙarni bayan ƙarni, har gobarar 15 ga Afrilu, 2019 ta cinye rufinta, ta kayar da hasumiyarta ta tsakiya. Sa'an nan ne kafintoci da masassaƙan dutse suka hallara, suka ɗauki gatari irin na magabata, suka sassaƙe gungumen itatuwan dazuzzukan Faransa da hannu, bisa ƙa'idar da suka gada, har aka sake buɗe majami'ar ranar 7 ga Disamba, 2024. Haƙiƙa, waɗannan ma'abota sana'a sun cika amana, sun kuma cancanci yabo.