Wasan Kwaikwayo Ba Huɗuba Ba Ne

Tun kafin zuwan boko Bahaushe ya san wasan kwaikwayo. Cikin azumi 'yan tashe kan kwaikwayi maigida da matarsa, manya na dariya alhali da su ake. Irin wannan dabara ce ke cikin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya fito a 1960: muna kallo Jatau ya rusa gidansa da hannunsa saboda Kyallu. Ran da ɗalibaina suka gwada wasan, aji ya yi tsit, domin kowa ya san wani Jatau a unguwarsu.

Amma matasan marubutanmu sukan ɗora wa ɗan wasa huɗubar shafi biyu. 'Yan'uwa, ku shiga karar Wudil ranar Juma'a, ku saurari cinikin dillali da mai saniya, sannan ku ɗauki alƙalami.