Malaman Hisabi, Magadan Alkashinawi

A zaurukan Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, akwai malaman da ke duƙufa kan rabon gado, suna fitar da tumunin matar mamaci da sudusin mahaifiyarsa idan ya bar 'ya'ya. Da babu su, da gona ɗaya ta raba zumunta a gidaje da dama. Su ne kuma ke bin taurarin damina, don manomi ya san lokacin shuka. Ladansu sau da yawa addu'a ce kawai.

Wannan ilimi tsoho ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, ya haɗa fiƙihu da lissafi, ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan wani mai suna Hasan Aljabarti.