Littafin Sojanmu na Bama

Jama'a, a Zariya akwai barikin Cindit, a Kaduna akwai Dalet, a Ikko akwai Arakan. Kullum ana wucewa ta ƙofarsu, amma kaɗan ne suka san daga yaƙin Bama sunayen nan suka zo, inda sojanmu suka kara da Japanawa daga 1943 zuwa 1945. Kusa da Rangun, a maƙabartar Taukkyan, an rubuta sunan mutum wajen 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, da namu a ciki. To, dutse ya riƙe suna, amma ba ya faɗin ko wane irin mutum ne mai sunan.

Wannan giɓi Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ɗan tsohon sojan Bama, ya nemi cikewa da littafinsa Burma Boy, wanda aka buga cikin 2007. Labarin Ali Banana ne, yaron maƙeri, bai kai shekara 15 ba ya ƙara wa kansa shekaru aka ɗauke shi soja. Ya faɗa cikin Cindit, watau rundunar Janar Winget da aka sauke a daji bayan sansanin abokan gaba cikin 1944, wadda bataliyoyi 3 na sojan Nijeriya suka shiga.

Yabon gwani ya zama dole. Marubucin bai mai da sojan nan zakoki marasa tsoro ba, bai kuwa mai da su abin tausayi ba. Suna barkwanci cikin rami, suna faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, suna kewar gida, sa'an nan mutuwa ta ɗauki ɗaya ana tsakiyar hira. Mu a ganinmu girmamawa ke nan ta gaskiya, domin wanda ka yi dariya da shi, shi kake jin zafin rashinsa.

Amma muna da ƙorafi biyu. Na fari, an buɗe littafin da Winget a Alƙahira, Ali Banana sai daga baya. Labarin Janar kuwa littattafai da yawa sun riga sun ba da shi, bai kamata ya tsare ƙofa a ɗakin da aka gina domin farabiti ba. Na biyu ba laifin marubucin ba ne, namu ne. Hausa ce harshen bariki a zamanin nan, da ita aka yi hirar cikin rami, ga shi jikokin masu hirar sai da Turanci za su ji ta.

Ran 15 ga Janairu kowace shekara ana aza furanni, a busa begila, a watse. Muna roƙon malamai su bi tsofaffin garinsu, su rubuta da Hausa sunan wanda ya tafi bai komo ba, da sana'arsa, da abin da danginsa ke tunawa, tun masu tunawar ba su ƙare ba. Allah ya jiƙansu, amin.