Gwanintar Malamin Insha'i

Duk wanda ya zauna ajin firamare ko sakandare ya san taken nan da ake rubutawa a allo: "Makarantarmu", ko "Yadda na yi hutun Sallah". Yara su duƙufa, a tattara littattafai, sai ka tarar magana ɗaya ce kowa ya maimaita, wadda aka gada daga yayye. Nan da nan a ce yaran yanzu ba su iya rubutu ba. Amma akwai malaman da suka gane cewa tun daga tambaya ake gyara insha'i ko a ɓata shi, kuma aikinsu ya cancanci yabo.

Gwanin malami ba ya ba da take tsirara. Sai ya tanadar wa ɗalibi wanda zai rubuta wa, da dalilin rubutun, da abin da zai faɗa wanda ya riga ya sani. Maimakon "Tsabtar muhalli", sai ya ce: rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku wasiƙa kan magudanar ruwan da ta toshe a unguwarku, ka bayyana masa ɓarnar da daminar bara ta yi muku, ka faɗi abin da kake roƙo kafin ruwa ya sake sauka. Yaron da ambaliya ta shiga ɗakinsu ba zai tsaya kame-kame ba. Ya san sunan lungun, ya san gidan da katangarsa ta faɗi. Kuma tunda da babba yake magana, dole ya zaɓi kalmomin ladabi, ya jera hujjojinsa yadda za a saurare shi. Ka ga ya koyi tsarin wasiƙa da dabarar muhawara a zama ɗaya, ba tare da an sa shi haddace ma'anarsu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda irin waɗannan malamai suke tura yaro gida neman abin rubutu. A ce ya je wurin kakarsa ta nuna masa yadda ake daddawa: dafa kalwa, da surfe, da wanki, da rufe ta kwanaki har ta yi, kafin a kirɓa a shanya. Insha'in bayani ke nan, kuma idan ya sa shanya kafin surfe, kowa a ajin zai kama shi. A wannan zamani da waya ke iya zubo wa ɗalibi shafi guda cikin ƙiftawar ido, babu maganin kwafe da ya wuce tambayar da amsarta ke bakin wata tsohuwa a tsakar gida.

Tarihin adabinmu ma ya nuna ƙarfin umarni mai kyau. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Basirar tasu ce, amma an faɗa musu takamaiman abin da ake nema.

Sai kuma matakai. Malamin kirki ba ya cewa a kawo gobe kawai. Yau a tattara bayanai, gobe a tsara abin da zai zo farko da na ƙarshe, jibi a yi rubutun gwaji. Inda aji ya cika maƙil, yakan haɗa yara bibbiyu kowa ya karanta wa ɗan'uwansa da ƙarfi, domin kunne yana tsinto jimlar da ta karye kafin ido ya gan ta.

Wajen gyara nan ma akwai hikima. A insha'in Turanci na WAEC maki 50 ne: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Mai basira yakan bayyana wa ɗalibai wannan rabo tun kafin su fara. Ba ya cika takarda da jan biro har yaro ya karaya. Yakan nuna sakin layin da ya yi kyau, ya ɗauki kuskure ɗaya ko biyu, ya ce a sake rubutawa. A sakewar nan ake zama marubuci.

Iyaye, idan yaronku ya dawo daga makaranta da littafi a hannu yana tambayar yadda aka kafa unguwarku ko yadda kuka koyi sana'arku, kada ku kore shi. Ku zauna ku amsa masa, domin ya dace da malamin da ya san aikinsa.