Littafin Tarihin Afirka na UNESCO: Rumbu Cike, Babu Tsani

A shekara ta 1964, sa'ad da yawancin ƙasashen Afirka ba su daɗe da samun mulkin kai ba, ƙungiyar UNESCO ta ɗauki wani babban aiki, wato rubuta tarihin Afirka duka, tun daga fari har zuwa wannan zamani. Dalili kuwa, tarihin da aka koya wa yara a makarantun Turawa ya fi ba da labarin baƙin da suka zo, ba na masu gida ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka kafa kwamiti na masana 39, kashi biyu cikin uku 'yan Afirka ne. Aikin ya ci shekara 35, ya haifi manyan littattafai takwas.

Abin yabo na fari shi ne, an ba maganar baka daraja daidai da takarda. A littafi na 1, wanda Joseph Ki-Zerbo na Burkina Faso ya shirya, Amadou Hampâté Bâ na Mali ya bayyana yadda tsofaffi suke riƙon labari, su miƙa wa na baya. Boubou Hama na Nijar ma ya sa hannu a ciki. Ba a manta da ƙasar Hausa ba: Mahdi Adamu ya yi babi a kanta a littafi na 4, Diouldé Laya kuma a na 5.

Abin yabo na biyu, ba a ɓoye gardama ba. Cheikh Anta Diop na Senegal ya tsaya a kan cewa Masarawan dā baƙar fata ne, waɗansu masana ba su yarda ba. Aka tara su a Alƙahira a 1974, aka buga babinsa a littafi na 2, aka haɗa da labarin muhawarar, domin mai karatu ya auna da kansa.

Amma akwai aibi, ba ƙarami ba. Kowane littafi ya kai shafi 700 ko fiye, maganarsa kuwa ta malaman jami'a ce. Malamin ƙauye ba ya iya sayensa, ko ya samu, zai sha wuya kafin ya ciro abin da zai gaya wa yara. Gaskiya ne an taƙaita waɗansu, an juya su zuwa Hausa da Fulatanci da Suwahili, amma wa ya taɓa ganinsu a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram? Sai a 2009 aka soma aikin mayar da su littattafan makaranta, shekara 45 bayan farawa. An kuma sa su a intanet kyauta.

Daga bakin maroƙa da tsofaffi aka ɗebo labari da yawa na cikin littattafan nan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Bashin ba zai biyu ba sai an mayar wa jikokinsu da labarin cikin harshensu, a ƙananan littattafai masu araha, a kuma karanta shi a rediyo domin waɗanda ba su yi boko ba. Masana sun cika rumbu. Sauran aiki na ma'aikatun ilimi ne da masu buga littattafai, su kafa tsani.